Yadda za ka ƙera kayan dasa waya a katako da hannunka

Adon waya a jikin katako, irin wanda ake gani a mariƙin wuƙa, a kan sanda ko a murfin ɗan akwati, kayan yinsa ba su da yawa, duka za su shiga aljihun riga. Sai dai ko ka zagaye Kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis da wuya ka same su a shirye. Kurfin kafinta da ake sayarwa an yi shi ne don ya cire katako, bakinsa da kauri, kuma gefe ɗaya aka wasa. Mai dasa waya ba ya cire ko ɓarɓashi. Tsaga katakon yake yi, ya tura naman itacen gefe da gefe, ya sa wayar a tsakani, sannan ya jiƙa wurin da ruwa, itacen ya kumbura ya koma mazauninsa ya cije wayar. Duk abin da za ka ƙera a nan, wannan cizon yake yi wa hidima. In kurfinka ya fi wayarka kauri, to ko gam ka zuba, wata rana za ta fito.

Fara da waya kafin ka taɓa ƙarfe

Da yawa suna ƙera kurfi tukuna, sannan su nemi wayar da za ta shiga. A ganina wannan baya-baya ne. Kaurin waya shi ke nuna maka kaurin bakin kurfi, don haka ita za ka fara gyarawa.

Wayar da ake dasawa a katako ba zagayayya ba ce. Falle ce siririya, ana sa ta a tsaye, bakinta kaɗai ake gani a sama. Kaurin da ya fi daɗin aiki shi ne milimita 0.2 zuwa 0.3, faɗi kuma milimita 1.5 zuwa 2. Mai koyo ya fara da jan ƙarfe, ya fi taushi kuma ya fi araha. Je wurin masu naɗin kwayil na fanka da injin ruwa, ka sayi ragowar waya mai kaurin milimita 0.8 ko kusa da haka. In aka daddale ta zuwa 0.3, faɗinta yakan kai wajen milimita ɗaya da rabi, daidai abin da ake so. Wayar wutar gida ta fi wannan kauri, tana cin duka da yawa kafin ta yi falle.

Wayar kwayil tana da fenti a jiki. Naɗe ta ƙawanya, ka ɗora kan garwashi a fili inda iska ke kaɗawa, don hayaƙin fentin ba na shaƙa ba ne. Da ta yi ja kaɗan, ɗauke ta ka tsoma a ruwa. Wannan gashin ya yi maka aiki biyu: ya ƙone fentin, ya kuma tausasa wayar. Jan ƙarfe da tagulla da azurfa ba sa yin tauri don an tsoma su a ruwa, duka da lanƙwasawa ne ke taurara su, wuta kuma ta mayar musu da taushi. Baƙin da wuta ta bari, jiƙa wayar a ruwan tsamiya da ɗan gishiri, zai fita, sai ka ɗauraye.

Daddalewa da hannu ana yin ta a kan ƙarfe mai santsi, da guduma mai santsin baki, kaɗan-kaɗan, kana ja kana bugu. In wayar ta fara gardama tana tsallewa, mayar da ita wuta. Amma in kana da maƙerin fari da kuke shiri, wanda ke da injin murza azurfa, kai masa. Abin da zai fitar a ɗan lokaci ya fi na guduma daidaituwa nesa ba kusa ba, kuma daidaituwar nan ita ce kyan layi. Tagulla tana yin kyau ƙwarai a baƙin itace. Azurfa kuwa bari sai hannunka ya faɗa, kuma in za ka gasa ta yi a cikin duhu-duhu, don tana iya narkewa kafin ka lura da janta a hasken rana.

Ƙarfen da za ka nema

Tsohon ruwan zarton yanka ƙarfe shi ne uwar kayan nan. Masu walda suna yar da shi in haƙoransa sun cinye. Kaurinsa wajen milimita 0.6 ne, ya riga ya kusa inda kake so. Sai dai iri uku ne, kuma ba duka ke yi ba. Akwai wanda haƙoransa kaɗai ke da tauri, bayansa kuma ya lanƙwashe ba ya karyewa; wannan bakinsa ba ya daɗewa da kaifi. Akwai mai tauri gaba ɗaya, wanda in ka ɗora a injin wasi yake fitar da tartsatsi ja-ja mai duhu, ba yawa. Wannan ana iya wasa shi a yi miƙaƙƙen kurfi, amma garwashi ba ya tausasa shi yadda za a lanƙwasa. Na ukun shi ne abin nema: tartsatsinsa fari mai haske, yana fashewa a ƙarshe reshe-reshe. Shi ke karɓar wuta, ya yi taushi in ka so, ya yi tauri in ka so.

Wani ƙarfen mai kyau shi ne sifirin ɗin da ke mayar da igiyar tayar da janareto ko injin ban ruwa. Falle ne siriri, kuma masu gyaran inji suna da karyayyu. Haɗa da ƙusar kankare guda uku ko huɗu, tsohon magagari, wayar ƙafar keke, ƙaton noti mai dogon jiki, da mayen ƙarfe daga bayan mataccen lasifika.

Miƙaƙƙen kurfi

Sa tabarau kafin ka karya ruwan zarto, don ɓallinsa na tashi da ƙarfi. Kama shi da filaya biyu, ka rufa tsumma a kai, ka karya gunduwa-gunduwa, kowace santimita 5. Wasa haƙoran su tafi gaba ɗaya.

Yanzu sai rage faɗin baki. Kana buƙatar aƙalla guda uku: mai faɗin milimita 6 don dogon layi, mai 3, da ƙarami mai 1.5 ko 2. Ƙaramin nan shi za ka fi riƙewa, don da shi ake bin kwana. Kada ka sirantar da gunduwar duka. Milimita biyun ƙarshe kaɗai za ka rage, ka bar kafaɗa hagu da dama. Kafaɗar nan ita ke tsayar da kurfin in ya kai zurfin da ake so, ba sai kana aunawa da ido ba, kuma ramin zai zama zurfi ɗaya daga farko har ƙarshe. Tsawon harshen ya yi daidai da faɗin wayarka, ko ya gaza da ɗan kaɗan.

In da injin wasi kake aiki, ajiye gwangwanin ruwa kusa, kana taɓawa kana tsomawa. Ƙarfe siriri yana ƙonewa cikin ƙiftawar ido. Da ka ga bakin ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi, sai ka wasa wurin ya wuce ko ka sake ba shi wuta. Ni na fi son a yi aikin ƙarshe a dutsen wasi da hannu.

A nan ne aikin yake. Harshen za a sirantar da shi ta fuska biyu daidai wa daida, kamar bakin wuƙa, ba ta fuska ɗaya ba. In fuska ɗaya ka wasa, kurfin zai riƙa karkata yana shiga, ramin ya kwanta, wayar ma ta kwanta, in ka zo gogewa layin ya yi faɗi a wani wuri ya yi siriri a wani. Kwantar da harshen kusan kwance a kan dutse, ka ƙirga jan da ka yi a wannan fuska, ka juya ka yi daidai da shi a waccan. Dakata lokacin da kaurin harshen daga sama, kusa da kafaɗa, ya yi daidai da kaurin wayar ko ya gaza kaɗan. Ba ka buƙatar ma'auni mai tsada: kara bakin wayar da bakin kurfin a gaban haske, idonka zai gaya maka.

Sannan ka ɗan zagaye kusurwoyin bakin biyu. Baki mai kusurwa yana barin ɗan tsani duk inda sara ɗaya ta haɗu da ta gaba, mai zagaye kuwa yana shiga cikin sawun na baya lafiya lau. Ƙarasa da fata: manna guntun fatar akuya a kan katako, shafa mata ɗan maganin goge ƙarfe, ka ja kurfin baya-baya har ya yi sheƙi. Baki mai sheƙi yana shiga itace ya fito ba tare da ya tsinke masa jijiya ba.

Mai lanƙwasa, da yadda ake ba shi wuta

Ƙaramin kurfi zai bi kowace irin kwana in kana da haƙuri. Amma don ƙananan da'ira da naɗe-naɗe irin na dagi, mai lanƙwasasshen baki ya fi fitar da layi mai tsabta. Shi sai an bi ta wuta.

Hura gawayi, na kirya in ka samu, shi maƙeran baƙi suka fi so don yana riƙe zafi. Ba ka buƙatar zuga-zugi, mafici ya isa ga ƙarfe siriri haka. Sa gunduwar ta yi ja, ka binne ta a toka mai zafi ta huce da kanta. Yanzu ta yi taushi, magagari zai ci ta. Fitar da harshe da kafaɗa yadda aka faɗa a sama. Sai ka sassaƙa ɗan kwari a guntun itace mai tauri, ka kwantar da harshen a ciki, ka ɗora ƙusa ko sandar ƙarfe a kai, ka buga. Harshen zai ɗauki zagayen ƙusar. Yi ɗaya da ƙusa mai kaurin milimita 4, ɗaya da 6, ɗaya da sanda mai 10.

Mayar da tauri yana son inuwa, ko bayan la'asar sakaliya, don a hasken ranar Damagaram ba za ka ga launin ƙarfe da kyau ba. Zuba man gyaɗa a gwangwani, ka ajiye murfi kusa saboda ko zai kama wuta. Gasa bakin kurfin har ya yi ja sosai, ka kara masa mayen ƙarfe. Muddin yana kamawa, da saura. Ƙarfe yana daina amsa mayen ƙarfe a wajen digiri 770, kai kuma ɗan sama da haka kake so. Da ya daina kamawa, ƙara masa ɗan lokaci kaɗan a wuta, ka tsoma shi a man a tsaye, baki ƙasa, kana motsa shi sama da ƙasa. Kada ka yi da ruwa, ƙarfe siriri yana tsagewa ko ya murɗe. Gwada da magagari: in ya zame bai kama ba, tauri ya samu.

A wannan hali kurfin ya yi tauri fiye da kima, bugu ɗaya zai ɓalle. Dole a sassauta shi. Goge shi ya yi fari, ka ɗora faffaɗan ƙarfe a kan garwashi, ka kwantar da kurfin a kai, gindinsa a wuri mai zafi, bakinsa ya leƙo waje. Zuba ido. Launi zai taso daga gindi yana tafiya wajen baki: fari-fari mai ɗan rawaya tukuna, wajen digiri 220, sannan ruwan zuma, sannan shunayya, sannan shuɗi a wajen 300. Da ruwan zuma ya isa baki, tsoma shi a mai. In ka bari shuɗi ya kai baki, zai riƙa lanƙwashewa a itace mai tauri, sai ka sake daga farko. Kada abin ya ba ka tsoro. Garin Damagaram, da maƙeransa suka ƙera igwa a zamanin Sarki Tanimun, bai rasa wanda zai nuna maka launin nan sau ɗaya ba, kuma gani ɗaya a maƙera ya fi karatu goma.

Mariƙi

Gajere ake so, santimita 7 zuwa 8, mai kai zagaye da zai zauna a tafin hannu, don yawancin sarar da turi ake yin ta, ba da guduma ba. Aduwa ko marke sun yi. Tsaga bakin mariƙin da zarto, ka cusa gindin kurfin, ka bar santimita ɗaya ko ɗaya da rabi a waje. In ya fi haka tsawo zai riƙa lanƙwasa in ka danna. Ɗaure bakin da zoben bututun jan ƙarfe, ko ka naɗe shi tam da waya. Fafe gefe ɗaya na mariƙin ya yi fili, daidai da fuskar kurfin, don yatsanka ya san inda baki ya fuskanta ba sai ka duba ba, kuma ba zai gangara daga tebur ba.

Sauran ƙananan kaya

Guduma ƙarama, wadda ba ta fi giram 100 ba. Kan noti ya isa: goge shi ya yi santsi, a huda ko a yi masa walda da siririn mariƙi. Duk tabon da ke bakin guduma zai koma kan katakonka.

Abin karce waya: karya tsohon magagari biyu, ka haɗa fuskokinsu, ka ja wayar ta tsakaninsu sau biyu ko uku. Zanen da zai bari a jikinta shi itace ke kamawa. Da magagarin kuma za ka ɗan sirantar da bakin wayar na ƙasa, wanda zai fara shiga rami.

Abin naɗi: tsaga kan ƙusa da zarto, ka sa bakin waya a tsagar, ka murza. Da shi ake fara naɗin da'ira kafin a kai ta katako. Abin yanka kuwa, ba abin da ya kai abin yanke farce, yana yanka daidai ba ya matse baki. Wasa wayar ƙafar keke ta yi tsini, ita ce ta zane da ta huda ramin ɗigo. Ka kuma sa baduku ya ɗinka maka ƴar jakar fata, ka cika ta da yashi. A kanta za ka kwantar da mariƙin wuƙa ko kan sanda, ta riƙe shi ko ta wace fuska ka juya.

Gwada kayan a katako

Ba za ka san kurfi ya yi ba sai ya shiga itace. Nemi busasshe wanda ya daɗe a ajiye: karyayyar taɓarya, tsohuwar ƙota, guntun maɗaci daga wurin kafinta. Ba sai an sare ɗanye ba, kuma ɗanyen ma ba ya yi. Maɗaci ya fi sauƙi ga mai koyo. Kanya da kirya suna da kyau da farar waya, amma taurinsu na karya bakin kurfi, ba sa kuma kumbura sosai in an jiƙa, don haka raminsu sai ya fi matsewa tun farko. Itace mai taushi da yawa ba ya riƙe waya.

Goge fuskar ta yi sumul, ka zana layin da fensir. Riƙe kurfi a tsaye cak, ka danna har kafaɗa ta taɓa, ka ɗan girgiza shi gaba da baya bisa layin, ba gefe da gefe ba, ka zare. Sara ta gaba ta fara daga rabin ta baya. Kada ka tsaga zanen duka lokaci ɗaya. Yi santimita uku ko huɗu, ka sa waya, ka ci gaba, don ramin da aka bari yana fara rufewa, kuma layuka biyu da ke kusa da juna suna iya ɓalle naman da ke tsakaninsu in duka a buɗe suke.

Lanƙwasa wayar ta yi kamannin layin tun tana hannunka, ka sa bakinta a rami, ka bi ta da ƙananan bugu. Kai ta rabi tukuna a duk tsawon, sannan ka dawo ka ƙarasa. Bugu mai ƙarfi yana kwantar da ita, in kuma ta kwanta, cire ta ka sa sabuwa, ba ta gyaruwa. Inda layi biyu za su haɗu, daddale bakin ta biyun ya yi siriri ya kwanta a jikin ta farkon, su zama kamar reshe ya fito daga uwa. Inda za su gitta, ɗaya ta wuce, ɗayar a yanke ta biyu. Ɗigo kuma da zagayayyar waya ake yi: huda rami da ya gaza ta kauri, buga ta ciki, yanke.

Yanzu kurfinka zai faɗi gaskiyarsa. In wayar ta faɗa ramin da turin yatsa, bakin ya yi kauri, koma dutse. In ta ƙi shiga tana tanƙwarewa, ya yi siriri, sai ka rage tsawon harshen kaɗan ka sake gyara kafaɗa, ko ka ajiye shi don wayar da ta fi wannan sirantaka. In layin na fitowa da ƙananan kusurwoyi a kwana, kurfin ya yi wa kwanar faɗi, ɗauki ƙarami.

In ka gama, shafa ruwa da tsumma, ka bar shi ya kwana. Wasu suna ɗiga ɗan gam na kafinta a ruwan, ba laifi. Kashegari ka bi da magagari mai laushi, kana bin tsawon wayar, har ta yi daidai da katako. Yi hankali da samfefa a farin itace, don garin ƙarfen yana shiga cikinsa ya bar dauɗa. Kankarewa da bayan ruwan zarto da aka wasa ya fi tsabta. Ƙarasa da kakin zuma.

Akwai abin da yanayinmu ke jawowa. Aikin da aka gama da damina, in hunturu ya shigo itacen yana ƙara tsukewa, sai ka ji wayar ta ɗan taso tana kama yatsa. Ba lalacewa ba ce, bi ta da magagari sau ɗaya kawai. In kayan sayarwa ne, ya fi kyau ka ajiye shi ya ga rani kafin gogewar ƙarshe.

In a ƙarfe kake son dasawa

Ƙarfe ba ya kumbura, don haka kayan sun bambanta. A nan ƙusar kankare ke aiki, don da taurinta ta zo, wasa kawai take so, kana tsomawa a ruwa. Ɗaya ka yi mata baki mai kusurwa don yanka rami, ɗaya siririn baki don shiga ƙarƙashin gefen ramin hagu da dama, cikinsa ya fi bakinsa faɗi, ta ukun kuma a daddale kanta don danna waya. Wayar a nan zagayayya ce, an gasa ta ta yi taushi sosai. In ka buga ta sai ta bazu ta cika ƙarƙashin, ta kulle kanta. Yi wannan a ƙarfen da ba a ba shi tauri ba, kuma gwada a tsohon ƙyauren ƙofa ko wani guntun ƙarfe kafin ka kusanci ruwan wuƙar wani.

Kayan duka, shafa musu ɗan mai in za ka ajiye, musamman daga Yuni zuwa Satumba, ka soka bakin kowane kurfi a guntun ɓargon karan dawa don kada su gogi juna. Ka kuma ɗaure guntun wayar da aka yi kowane kurfi dominta a mariƙinsa, don ranar da ka koma aiki ka san wanne ke tafiya da wacce.